Igiyar da ta Tsinke a Ruwan Zafi

An yi wani mutum, jama'a, tun zamanin da babu mota babu jirgi, a wani gari can cikin duwatsun ƙasar Hindu. Sunansa Mehar Din. Ku matso, na baya ba sa ji. Sunan garin kuwa kada wanda ya tambaye ni. Dattijon da ya ba ni labarin, wanda muka zauna tanti ɗaya da shi a Mina, har sau biyu ya faɗa mini, harshena ya ƙi ɗauka.

Garin nan a maƙale yake a jikin dutse. Ta ƙasansa kogi ne ke wucewa da gudu, ruwansa sanyi ƙarara, don ƙanƙara ce ke narkewa daga sama. To ga ikon Allah: taku kaɗan daga bakin wannan kogi, ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa yana tafasa. Ban ce yana da ɗumi ba, tafasa na ce. Ba itace, ba gawayi, ba mai hura wuta, ga tururi yana tashi rani da damina. Na ga Malam Ɗanjuma yana kallona kamar na fara shara ta. Malam Ɗanjuma, Wanda ya fitar maka da ruwan sanyi a rijiyar gidanka, na zafi ne zai gagare Shi?

Al'umma biyu ke girmama wurin nan. Akwai 'yan Hindu, akwai kuma mabiya addinin Sikh, masu rawani da gemu, waɗanda ba sa aske gashi. Kowa da ɗakin bautarsa a gefen ruwan, kuma mutane kan yi tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa su zo ziyara. Su Sikh ɗin suna da wani babban madafi, duk wanda ya zo sai a zaunar da shi a ƙasa, layi ɗaya, attajiri kusa da matsiyaci, a zuba masa abinci, ba mai tambayar addininsa. Ni ban zo koya muku addininsu ba. Su da nasu, mu da namu. Halin mutum ɗaya na zo ba ku.

Ku saurara da kyau, don a nan labarin yake. A garin suna da al'ada. Mai ziyara yakan zo da shinkafarsa daga gida, ya zuba ta cikin farin ƙyalle, ya ƙulle bakin da hannunsa, ya kuma ɗaura ƙullin a bakin igiya, shi ma da hannunsa. Sai a zura igiyar da doguwar gora a cikin ruwan da ke tafasa. Kamar rabin awa, a jawo, shinkafa ta nuna lugub. Ya ci kaɗan, ya raba wa mutane sauran. To a wurin talakawansu, in ƙullinka ya fito lafiya, an karɓi abin da ka zo da shi. In ɗaurinka ya kwance shinkafa ta watse a ruwa, an mayar maka da kayanka ke nan. Na ji an ce malamansu ba su koyar da haka ba, amma kun san mutane, abin da zuciya ta riƙe ta riƙe.

Wa ke riƙe gorar da igiyoyin? Mehar Din. Kuma shi ba Hindu ba ne, ba Sikh ba ne. Musulmi ne, jikan makiyaya. Tun zamanin kakansa ɓangarorin biyu suka yi ta ja-in-ja kan wanda zai riƙe gorar, waɗannan su ce namu, waɗancan su ce namu. Da suka gaji sai dattawansu suka ce a ba wanda ba na kowa ba. Aka ba kakan Mehar Din, da sharaɗi biyu. Na farko, hannunsa ba zai taɓa abincin kowa ba, igiya kawai. Na biyu, igiyar tasa ce, shi zai tuƙa ta, shi zai kula da ita, duk ranar da ta tsinke da kayan mai ziyara, gorar ta bar gidansu har abada.

Kaka ya riƙe, uba ya riƙe, Mehar Din ya riƙe shekara talatin da ɗaya, igiya ba ta taɓa tsinkewa ba. Ladan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan hasafin da masu ziyara ke bayarwa ne, sai kuma ɗaki guda a gefen ruwan. Amma wannan ɗaki, ruwan zafi ne ke bi ta ƙarƙashinsa, daɓensa kullum da ɗumi, a garin da in sanyi ya sauko ruwa kan daskare a cikin tulu. Matarsa Zaitun kuwa tana fama da sanyin ƙashi. A kan wannan daɓen kaɗai take iya miƙe ƙafa ta yi barci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi ruwan nan cin igiya yake yi. Igiyar rama ce, in ta yi kwana arba'in tana shiga tana fita, sai a yar a sa sabuwa. Zaitun ce gwanar tuƙa, to shekarar nan yatsunta sun ƙage, aikin ya koma kan mijin shi kaɗai, ga shi lokacin cikowar baƙi. Wata safiya yana duba igiyoyi ya ga ɗaya ta fara sili-sili kusa da baki. Ya juya ta, ya ja, ya ce a ransa, "Za ta kai yau. Gobe na canja." Jama'a, wane ne a cikinmu bai taɓa faɗin wannan magana ba?

Bayan la'asar sai ga wata tsohuwa 'yar Hindu, sunanta Kesari. Ƙafafunta duk sun tsage, tana dogara sanda, ta rungume wani ƙulli a ƙirji kamar jariri. Ta zauna a kan dutse kusa da shi tana haki.

Mehar Din ya ce, "Sannu, Inna. Daga nesa?"

Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya, ɗana."

Ya ce, "Ke kaɗai?"

Ta ce, "Da mu biyu ne za mu zo."

Kun san tsofaffi, in suka sami mai sauraro. Tana kwance ƙullin tana ba shi labari. Jar shinkafa ce, irin ta kan tudu, mudu ɗaya. Mijinta ne ya noma ta. Tun suna da ƙuruciya ya yi alkawari zai kawo shinkafar gonarsa wurin nan ya dafa, baƙin da bai sani ba su ci. Duk shekara in ya ɗaura niyya, ita ce ke hana shi. Bana saniya za ta haihu, bana rufin ɗaki na yoyo, bana ga bikin 'yarsu, bari sai baɗi. Shi kuwa mutum ne mai sanyin hali, sai ya ce to. Rannan aka kwana uku ana ruwa, ƙasa ta zaftaro daga kan dutse ta binne gonar, shi kuma yana ciki yana gyaran kunya.

Ta ce, "Gonar babu, shi babu. Wannan mudun kaɗai ya rage a tukunya. Ni na hana shi, ɗana. Shekara arba'in ina hana shi. Na kawo in ga ko ya yafe mini."

Mehar Din ya jawo ɗaya daga cikin igiyoyinsa. Ya miƙa mata bakin igiya. Hannunta na rawa ta ɗaura, ta sake ɗaurawa, ta ja da haƙori. Ya ɗaga gora ya zura ƙullin a ruwa. Cikin cinkoson mutane bai duba wace igiya ya miƙa mata ba.

Aka jima, ƙamshi ya nuna masa ta yi. Ya kama igiya ya ja, sai ya ji ba nauyi. Igiya ta taho fayau, ba komai a bakinta. Kafin ya ɗaga kai, ƙullin ya gangara inda ruwan ya fi tafasa, ƙyallen ya yage, ga jar shinkafa ta taso tana juyawa a saman ruwa.

Kowa ya zuba wa ruwan ido. Sai wata mata ta ce a hankali, "Ɗaurin tsohuwa ya kwance." Wani ya ce, "Ai na ga hannunta na rawa." Mutane suka fara ja da baya daga inda take, kamar abin yana yaɗuwa.

Kesari ba ta yi kururuwa ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta dubi ruwan, ta gyaɗa kai, ta ce, "Bai yafe ba." Ta sake cewa, "Bai yafe ba. Da gaskiyarsa." Ta laluba sandarta ta miƙe.

To shi Mehar Din, bakin igiyar yana cikin tafin hannunsa, ya dunƙule. Shi kaɗai ya gani. Igiyar da ɗauri ya kwance daga jikinta, bakinta lafiya lau yake fitowa. Wannan kuwa bakinta a tsattsage yake, sili-sili. Ita ce ta safe. Ɗaurin tsohuwa bai kwance ba, yana can cikin ruwa daram, da guntun igiya a jikinsa.

Ku tsaya nan, ku sa kanku a matsayinsa. Ba wanda ya gani. Ba wanda ya zarge shi. Ba a ma tambaye shi ba, balle a ce ya yi ƙarya. Abin da ake bukata kawai ya yi shiru, ya sa hannu a aljihu. Shaiɗan kuwa ba ya rasa hujja mai kyau. Ya ce masa, kai Musulmi ne, ka san ƙullin shinkafa ba ya nuna yafiya, camfinsu ne, ina ruwanka? Ya ce masa, ka tuna ƙafafun Zaitun, sanyi saura wata biyu. Ya ce masa, tsohuwar nan gobe ta tafi, ba za ka sake ganinta ba.

Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma Mehar Din yana kallon bayan tsohuwar nan tana jan ƙafa. Ya lissafa kwana goma sha ɗaya da za ta yi tana gangara dutse, da sauran kwanakin da suka rage mata a duniya, tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Kayansa ne. Shi ya ce gobe.

Ya ɗaga murya ya ce, "Inna! Tsaya."

Ta waiwayo.

Ya ɗaga hannu sama, ya buɗe tafinsa yadda kowa zai gani. Ya ce, "Ɗaurinki bai kwance ba. Igiyata ce ta tsinke. Tun da safe na ga ta lalace, na ce za ta kai yau. Ba a mayar miki da komai ba, Inna. Ni na zubar miki."

Ta dawo a hankali. Idonta ba ƙarfi, sai da ta kai igiyar dab da fuska, ta shafa bakin da yatsa. Ta ce, "Ba don ka ji tausayina kake faɗa ba?"

Ya ce, "Da tausayi ne da na nemi maganar da ba za ta raba ni da ɗakina ba."

Dattawan wurin biyu suna nan tsaye. Tek Chand, shi ne babba a ɗakin bautar 'yan Hindu, da Harnam Singh, mai kula da madafin Sikh. Tare suka tashi da Mehar Din tun suna yara. Tek Chand ya matso ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, me ya kai ka? Wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ba kowa."

Tek Chand ya ce, "Ka san sharaɗin. Da a keɓe ka faɗa mini, da mun san yadda muka yi. Yanzu a gaban mutum ɗari ka faɗa."

Ya ce, "A gaban mutum ɗari aka ce ɗaurinta ya kwance."

Harnam Singh ya daɗe yana shafa gemu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "In muka karya sharaɗin yau don muna ƙaunarka, gobe rigimar kakanninmu ta dawo. Ajiye gorar, Mehar."

Ya ajiye. Gorar da kakansa ya riƙe, ya jingine ta a bango, bai yi musu ba. Amma bai tsaya jimami ba, ya ce, "Harnam, ara mini rariya." Don ya san ruwan nan kamar tafin hannunsa. Duk abin da ya faɗa ciki, juyawa yake yi, sannan ya bi wata 'yar kwata tsakanin duwatsu ya faɗa kogi. Ya ruga ya durƙusa a bakin kwatar ya tare ta da rariya. Ruwan wurin bai kai na tsakiya ba, amma yana ƙuna. Shinkafa na zuwa ƙwaya biyu, ƙwaya biyar. In ya ɗaga rariyar ya huta, wasu su wuce. Sai ya ƙi ɗagawa. Tun bayan la'asar yana nan durƙushe har rana ta yi ja a kan dutse. Da ya miƙe, yatsunsa duk sun yi bororo. Abin da ya tsira daga mudu guda bai fi tafi biyu ba.

Ya kawo wa Kesari rariyar, yana riƙe da gefe, har a lokacin bai yarda hannunsa ya taɓa abincinta ba. Ya ce, "Iyakar abin da na samu ke nan. Ki yafe mini sauran."

Ta dubi shinkafar, ta dubi hannuwansa. Ta ce, "Cewa ya yi baƙi su ci. Wannan wa zai isa?"

Harnam Singh ya ce, "Biyo ni, Inna." Ya kai ta madafi, inda babbar tukunyar farar shinkafa ke jiran masu cin yamma. Ya ce ta juye da hannunta. Ta juye, aka juya da muciya. Yammacin nan mutum ya fi ɗari uku suka zauna a layi, Hindu da Sikh da matafiyan da ba a san ko su wane ne ba. Kowa in ya duba kwanonsa sai ya ga jar ƙwaya ɗaya ko biyu cikin fara. Labari ya riga ya zaga, sai ka ga mutum ya tsinci jar ƙwayar ya ɗaga wa tsohuwa kafin ya kai baki. Tana tsaye tana kuka tana dariya. Da aka zo kan Mehar Din, can ƙarshen layi, ta karɓi ludayin ta zuba masa da kanta. Yatsunsa ba sa iya dunƙula loma, sai da aka nemo masa cokali.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce da gari ya waye aka mayar masa da gorarsa, ko wani sarki ya ji labari ya aiko masa da doki. Ba a mayar ba, ba kuma wanda ya aiko. Aka ba wani gida gorar, aka ba su ɗakin. Harnam Singh ya ɗauke shi aikin faskare da wanke kwanuka a madafi, ya kuma share wa Zaitun wani lungu a bayan murhu. Da ɗumi, amma bai kai daɓen da ba, ta sha wuya a sanyin shekarar nan. Ba zan ɓoye muku ba, gaskiyar nan ta ci masa abu mai yawa, kuma har da wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ranar da ya gaya wa Zaitun, cewa ta yi, "Da ka shigo mini da igiyar nan a aljihu, da daɓen ma ba zai ɗumama ni ba."

Washegarin ranar da igiya ta tsinke, da safe Kesari za ta tafi, ta same shi a bakin madafi an naɗe masa hannu da tsumma. Ta ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙo."

Ya ce, "Me nake da shi, Inna?"

Ta ce, "Guntun igiyar nan. Na san halin zuciyata. Zan kai gida, in zauna ni kaɗai, ta ce mini ƙarya ne, ɗaurinki ne ya kwance. Ina so in ta faɗa, in ciro in shafa bakin."

Ya yanko mata. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta kama hanya.

To jama'a, ga inda na dosa. Ba kowace ƙarya ake yi da baki ba. Wani lokaci kuskuren naka ne, wani ya ɗauka a kansa yana zaton nasa ne, kai kuma ka yi shiru don ba a tambaye ka ba. Wannan shirun cin amana ne.

Mu nan mun ma fi gwanancewa, don mun sami inda muke rataya laifinmu, sai mu ce ƙaddara. Bakanike ya manta bai ɗaure ƙusa ba, mota ta faɗa rami, ya je gaisuwa ya ce haka Allah ya so, direba kuma ya kwana yana cewa shi ya yi ganganci. Magini ya rage siminti, katanga ta faɗi, ya ce ai ruwan bana ne. Ila tela, kada ka sunkuyar da kai, ban kira sunanka ba sai yanzu: ka yanka yadin mutum ba daidai ba, ka ce masa shi ne ya yi ƙiba. Kuna dariya. To ga wadda ba ta dariya. Mai shagon magani ya ba da wanda ya lalace, jinjiri ya tafi, uwar ta shekara ashirin tana cewa ita ce ba ta kawo shi da wuri ba. Kana ganinta a unguwa, kana gaishe ta. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba a ba ka ita don ka ɓoye hannunka a bayanta ba.

Kuma ku lura, Mehar Din bai ce tsohuwar nan ba addininmu ɗaya ba. Bai ce abin da ta yarda da shi camfi ne, can ta matse mata. Ya ga mutum yana ɗauke da kayansa, ya je ya sauke.

Kowannenmu yau in ya koma gida, ya zauna ya buɗe tafin hannunsa. Ka san igiyar, ba sai na faɗa maka ba. Ka kuma san wanda ke yawo da nauyinta, wataƙila a cikin gidanka yake, wataƙila yana sahun nan kusa da kai. Je ka same shi tun yana da rai, ka ce masa: ɗaurinka bai kwance ba, tawa ce ta tsinke. Kada ka ce gobe, kun dai ji abin da gobe ta jawo.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗa, ya ba waɗanda muka cuta ikon yafe mana. Ku tashi, ga ladan can ya miƙe.